Yadda ake nemo takardun shari'ar neman haƙƙi a kotunan gunduma a Amurka

Ranar da ofishin shige da fice ya rubuto wa mutum cewa ya kawo shaidar mutuwar aurensa na farko, ko ranar da mai gida ya hana shi haya saboda wai an taɓa kai shi kotu, ran nan yake gane cewa akwai wata takarda mai ɗauke da sunansa a wani ofishi, shi kuwa bai san inda take ba. Na raka mutanenmu da dama neman irin wannan takarda, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Zangon Kumasi, kuma kusan duk wahalar da muka sha daga abu guda ta taso: mun ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Takardar kotu a Amurka tana hannun magatakarda ɗaya, a kotu ɗaya, a gunduma ɗaya, abin da suke kira county. In ka gano wannan ofishin, ka ci rabin aikin.

Shari'ar neman haƙƙi ita ce wadda ba ta laifi ba, wato tsakanin mutum da mutum ko mutum da kamfani: bashi, rigimar haya, raba aure, kuɗin ciyar da yara, diyyar hatsarin mota, canjin suna, rabon gado. Yawancin waɗannan takardu a buɗe suke ga kowa. Ba sai kana da lauya ba, ba sai kana ɗan ƙasa ba, kuma a mafi yawan wurare babu mai tambayarka dalili. Kotun Ƙolin Amurka ma ta tabbatar a 1978, a shari'ar da tsohon shugaba Nixon ya yi da kamfanin Warner Communications, cewa jama'a na da haƙƙin dubawa da kwafe takardun kotu, sai dai haƙƙin yana da iyaka.

Da farko: ta tarayya ce ko ta jiha?

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Shari'ar karayar arziki ta kotun tarayya ce, haka ma ƙararraki da yawa da suka shafi dokar tarayya. Waɗannan ana nemansu a shafin PACER, inda ake biyan santi 10 kan kowane shafi, takarda ɗaya ba ta wuce dala 3, kuma in abin da ka kashe cikin wata uku bai haura dala 30 ba, ana yafe maka. Kotun shige da fice kuwa tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta tarayya, babu ruwanta da gunduma. Duk sauran, wato saki da haya da bashi da gado, kotunan jiha ne ke yinsu, kuma a gunduma ake ajiye fayilolinsu.

Gano gundumar

Amurka na da gundumomi fiye da 3,000. Texas kaɗai na da 254, Georgia 159, North Carolina 100, Kalifoniya 58. Babu wani rumbu guda da ya tattara takardunsu duka. Duk shafin da ya ce maka zai bincika dukkan kotunan Amurka a minti biyu in ka sa katin banki, kamfani ne mai sayen tsofaffin bayanai, kuma abin da zai ba ka ba ya da hatimi, babu ofishin da zai karɓa.

Sunan gari ba shi ne sunan gunduma ba, nan mutane ke fara ɓata. Birnin New York gundumomi biyar ne: Bronx gundumar Bronx ce, Queens ma haka, amma Brooklyn sunanta a kotu Kings, Manhattan kuma New York, Staten Island ita ce Richmond. Chicago na cikin Cook. Columbus na cikin Franklin. Greensboro, inda 'yan Nijar ke da yawa, tana cikin Guilford. Atlanta ta ratsa Fulton da DeKalb, Houston kuma yawancinta a Harris take amma ta leƙa Fort Bend da Montgomery. A Louisiana ba sa cewa gunduma da kalmar da sauran jihohi ke amfani da ita, nasu yankunan ana kiransu farish. A Virginia kuwa akwai biranen da ba sa cikin kowace gunduma, suna da kotunansu. Saboda haka ɗauki cikakken adireshin da kake zaune a lokacin da abin ya faru, ka bincika gundumarsa, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

A bisa al'ada ana shigar da ƙara ne inda wanda ake ƙara yake zaune, ko inda abin ya faru, ko inda gidan yake. Rigimar haya ba ta da wuyar ganowa, tana inda gidan yake. Saki ne mai ba da wahala. A jihar New York, kafin a sauya dokar a 2025, an daɗe lauya na iya shigar da ƙarar saki a gundumar da ma'auratan ba su taɓa taka ƙafa ba, don kawai layin can ya fi sauri. In ba ka san inda aka yi naka ba, Ma'aikatar Lafiya ta jihar na ajiye takardar shaidar saki ta duk wanda aka yi tun daga 1963, kuma za ta nuna maka gundumar. Texas ma na da irin wannan rajista tun daga 1968. Wannan gajeriyar shaida dabam take da hukuncin alƙali kansa, amma ita ce za ta nuna maka hanya.

Wace kotu a cikin gundumar?

Nan ne ya kamata a natsu, domin gunduma ɗaya na iya samun kotuna uku ko huɗu, kowacce da magatakardanta da rajistarta, kuma sunayen suna ruɗarwa. A New York, kotun da ake kira Supreme Court ba kotun ƙoli ba ce, ita ce babbar kotun farko, ita ke raba aure da sauraron manyan ƙararraki, kuma fayilolinta na hannun magatakardan gunduma. A Bronx ofishin yana 851 Grand Concourse. Rigimar haya kuwa tana kotun gidaje, a 1118 Grand Concourse, titi ɗaya amma gini dabam da rajista dabam. Ƙarar kuɗi har zuwa dala 50,000 tana kotun birni, ƙananan ƙararraki kuma har dala 10,000.

A Kalifoniya abin ya fi sauƙi, kowace gunduma kotu ɗaya ce, Superior Court. A Illinois sunanta Circuit Court. A Ohio da Pennsylvania Court of Common Pleas, kuma a yawancin gundumomin Pennsylvania mai riƙe da fayilolin neman haƙƙi ana kiransa Prothonotary, sunan da in ba ka sani ba za ka wuce ƙofarsa sau uku. A Columbus korar ɗan haya tana kotun birni ta Franklin, saki kuma yana sashen iyali na babbar kotu. A Texas ofisoshin magatakarda biyu ne masu kama da juna, District Clerk da County Clerk, kuma a Harris saki yana wajen na farkon, yayin da korar ɗan haya da ƙarar da ba ta wuce dala 20,000 ba suna ƙananan kotunan unguwa na Justice of the Peace. A Georgia ƙarar da ba ta wuce dala 15,000 ba tana Magistrate Court.

Ba sai ka haddace wannan ba. Abin da za ka riƙe shi ne, in an duba an ce maka babu, wannan na nufin babu a wannan rajistar kaɗai. Kafin ka bar tagar, tambayi ma'aikacin wace kotu ce kuma a gundumar ke sauraron irin shari'arka. Doka ta hana su ba ka shawarar lauya, amma nuna hanya aikinsu ne, kuma matambayi ba ya ɓata.

Lambar shari'a da matsalar sunayenmu

Kowace shari'a na da lamba, kuma ita ce mabuɗi. Tana saman sammaci ko duk wata wasiƙa da kotu ko lauya suka taɓa aiko maka, galibi haɗe da shekarar da aka shigar da ƙarar. Bincika jakar takardunka da tsofaffin saƙonnin imel kafin ka fita. Da lamba, aikin minti biyar ne.

In babu lamba, sai bincike da suna, kuma a nan ne mu Hausawa muke da tamu matsalar ta musamman. Rajistar kotu ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Mahamadou da Mamman mutum ɗaya ne ba. Ba ta san Usman shi ne Ousmane ko Osman, Abdullahi shi ne Abdoulaye, A'isha ita ce Aichatou ba. Wanda ya shigar da ƙarar ya rubuta sunan yadda ya ji ko yadda ya gani a takardar haya, akawu ya kwafa haka nan. Sau da yawa kuma a juya sunan, na uba ya koma na farko, domin fasfo ɗinmu da fom ɗinsu ba sa tafiya a tsari ɗaya. Wani lokaci ma Alhaji ya shiga a matsayin sunan yanka.

Abin da nake yi shi ne in rubuta duk yadda za a iya rubuta sunan a takarda, in gwada kowanne gaba da baya. Inda shafin ya yarda, sai in sa haruffa uku ko huɗu na farko kawai in taƙaita shekarun. In ɗaya ɓangaren kamfani ne, ko mai gida, ko mai sunan da ba ya canzawa, da nasa sunan nake fara nema, ya fi saurin fitowa.

Haɗarin yana ta ɗaya gefen ma. Wani direban tasi da muke sallah tare an hana shi gida har sau biyu, wai rahoton kamfanin tantance 'yan haya ya nuna an taɓa korarsa daga gida da bashi. Mutumin nan bai taɓa yin latti da kuɗin haya ba. Muka je kotun gidaje, muka zauna gaban kwamfutar jama'a da ke ɗakin rajista, muka buɗe fayil ɗin. Suna iri ɗaya, harafi da harafi. Amma adireshin wata unguwa ce da bai taɓa zama ba, kuma shekarar da aka yi ƙarar yana Agadez, bizar ma bai samu ba. Ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, ashe ba ni ba ne." Muka kwafi takardar ƙarar, ya haɗa da shafin fasfonsa mai tambarin ranar shigowa, ya aika wa kamfanin. Dokar tarayya ta 1970 kan rahoton bashi ta ba mutum damar ƙalubalantar irin wannan kuskure, kuma galibi kamfanin na da kwana 30 ya bincika. Don haka in kai ne ke binciken wani, ɗan kasuwa ko mai neman auren 'yarka, kada ka yanke masa hukunci kan suna kaɗai. Dubi adireshi, dubi shekara.

Binciken intanet da iyakarsa

Ka shiga shafin kotun ta hanyar shafin hukumar shari'a ta jihar, kada ka danna tallan da ke saman sakamakon Google. Wasu jihohi sun haɗa gundumominsu wuri ɗaya: Maryland na da Case Search, Wisconsin na da CCAP, New York na da WebCivil don ganin halin da shari'a ke ciki da NYSCEF don takardun da aka shigar ta intanet. A wasu jihohin kowace gunduma da nata shafin. Abin da za ka gani sau da yawa jerin abubuwan da suka faru ne kawai, ba takardun ba. A Kalifoniya, alal misali, takardun shari'ar iyali ba a buɗe su ga jama'a daga gida, sai mutum ya je kotu. Tsofaffin shari'o'i kuma ƙila ba a taɓa shigar da su kwamfuta ba.

Karanta jerin daga ƙasa

Jerin nan, wanda suke kira doket, shi ne tarihin shari'ar: ranar shigar da ƙara, ranar kai sammaci, zaman da aka ɗage, hukunci. Mutane sukan ga layin farko su firgita. Layin ƙarshe ne ke da labari. An kori ƙarar? In an kore ta, akwai kora iri biyu, wadda mai ƙara zai iya dawowa da wadda ba zai iya ba. An yi sulhu? An yanke hukunci a bayan idon wanda ake ƙara saboda bai zo ba? Wannan na ƙarshen ya fi cin mutanenmu, musamman a ƙarar bashin katin banki, domin sammacin ya tafi tsohon adireshi, ko mutum yana gida hutu, sai dai ya ga ana yankar albashinsa. In haka ta same ka, takardar da ka fi bukata ita ce takardar rantsuwar wanda ya ce ya kai maka sammaci. Tana faɗin rana da wuri da kamannin wanda aka miƙa wa. Ka kwafe ta ka kai wa lauya ko ofishin taimakon shari'a na kyauta ba tare da jinkiri ba, domin neman a soke irin wannan hukunci yana da wa'adi.

In kuwa ka riga ka biya bashin, duba ko mai bin ka ya shigar da takardar shaidar an biya. In bai shigar ba, a idon rajista har gobe ana bin ka.

Daga jerin ne za ka zaɓi abin da za ka nema, da sunansa da ranarsa. Kada ka ce a ba ka fayil gaba ɗaya sai in da dalili, wani fayil ɗin shafi ɗari huɗu ne kuma kowane shafi kuɗi ne.

Wane irin kwafi?

Iri uku ne. Kwafi na kawai, don ka karanta. Kwafi mai hatimi, wanda magatakarda ya sa hannu cewa daidai yake da na asali, shi ne abin da lauyoyinmu na Najeriya ke kira CTC. Sai mai hatimi uku, wanda alƙali ma ke sa hannu, ana bukatarsa galibi in za a kai hukunci wata jiha a zartar. Tambayi ofishin da ya aike ka wanne yake so kafin ka biya. Kuɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Kalifoniya shafi santi 50 ne, hatimi dala 40, hukuncin saki mai hatimi dala 15, kuma in binciken ya ɗauki ma'aikaci fiye da minti 10 akwai ƙarin dala 15. Ni shawarata, hukuncin saki ko na canjin suna ka karɓi masu hatimi biyu ko uku a zuwa ɗaya. Za a sake tambayarka, ba shakka.

Miƙa buƙata

Zuwa da kai ya fi komai sauri. Je da safe, da katin shaida mai hoto, ka bar wuƙar aljihu da makamantanta a gida saboda binciken ƙofa. Kira tukuna ka ji irin kuɗin da suke karɓa, wasu ba sa karɓar kati, wasu ba sa karɓar cakin mutum. In Turancinka bai nuna ba, tafi da wanda ka yarda da shi, ko ka tambaya ko suna da tafinta ta waya.

In ta gidan waya ne, wasiƙar ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu yadda suke a rajista, lambar shari'a, sunan takardar da ranarta, irin kwafin da yawansu, lambar wayarka, moni oda na kuɗin, da ambulan mai adireshinka da kan sarki a manne. Kotuna da yawa na da fom ɗinsu, in akwai yi amfani da shi. Kada ka rubuta cewa kana nema ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, domin ita hukumomin zartarwa na tarayya ta shafa, ba kotuna ba, kuma hakan na iya sa wasiƙarka ta tafi teburin da ba nata ba. Wanda ke zaune a Kano ko Yamai, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya wakilta ɗan'uwa a can, ko ya duba ko kotun na karɓar buƙata ta intanet.

Tsohon fayil yana iya kasancewa a rumbun ajiya a wajen gari ko a fim ɗin adana takardu, kuma fito da shi na iya ɗaukar makonni. Fayilolin ƙananan ƙararraki ma akan lalata su bayan wasu shekaru. In ofishin shige da fice ya ba ka wa'adi, fara neman a ranar da wasiƙar ta iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In an hana ka, ko an ce babu

Akwai fayilolin da doka ta rufe: na riƙon yara, na ƙananan yara, na lafiyar ƙwaƙwalwa, da duk wanda alƙali ya ba da umarnin a kulle. A New York fayil ɗin saki a rufe yake har shekara 100, ba mai gani sai ma'auratan ko lauyoyinsu. Ɗan'uwa ba zai karɓo maka ba sai da takardar izini da ka sa wa hannu gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, don haka kira ofishin ka ji yadda suke son a rubuta ta. A Kalifoniya ƙarar korar ɗan haya a ɓoye take kwana 60 na farko, kuma galibi tana ci gaba da ɓoyuwa in mai gidan bai yi nasara cikin kwanakin ba.

In an bincika babu komai, nemi a ba ka wannan amsar a rubuce da hatimi, ita ma takarda ce mai amfani. Amma wani lokaci babu ɗin gaskiya ne mai nauyi. Wata dattijuwa ta zo in taya ta neman takardar sakinta don za ta cike fom ɗin zama ɗan ƙasa. Muka duba gundumomi uku, shiru. Na ce, "Hajiya, a wace kotu aka raba ku?" Ta ce, "Ɗana, wace kotu? A masallaci ne, gaban liman da shaidu biyu, ya rubuta mini takarda." Auren kuwa sun yi masa rajista a ofishin birni. A addini ta fita tuntuni, a dokar jiha har ranar matarsa ce, domin saki a cikin Amurka sai da hukuncin kotu. Ban ji daɗin faɗa mata ba, amma gara ta ji daga bakina da ta ji a ɗakin tantancewa bayan ta yi rantsuwa. Lauya muka nema mata kafin ta aika komai.

In takardar za ta ƙetare teku

Hatimin gunduma kaɗai ba lallai ya wadatar a wata ƙasa ba. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, irin su Faransa da Ingila, da Saudiyya da ta shiga a 2022, tambari ɗaya suke bukata daga ofishin sakataren jihar, wanda ake kira afostil. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar, don haka hanyar ta fi tsawo: magatakardan gunduma, sannan sakataren jiha, sannan ofishin tantance takardu na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka a Washington, daga nan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙananan ofisoshinsa na New York da Atlanta. Kowane mataki na tabbatar da sa hannun wanda ya gabace shi, shi ya sa ba a tsallake ko ɗaya. Tambayi kotu ko ofishin da zai karɓa a gida iya matakin da yake so, kuma in ƙasar mai Faransanci ce, tanadi fassara daga tafintan da suka amince da shi.

Kafin ka bar taga, karanta abin da aka miƙo maka. Duba sunanka, lambar shari'a, sa hannun alƙali da ranarsa, ƙirga shafukan, ka shafa hatimin da yatsa in mai tudu ne. Kuma kada ka cire ƙusar da aka maƙale shafukan da ita don ka yi hoto, ofisoshi da dama na ɗaukar takardar da aka warware a matsayin wadda aka taɓa. Naɗe kowane shafi a hankali ka ɗauka da waya, ka ajiye lambar shari'ar a wuri biyu.